Daga Gimi Zuwa Majalisar Shagari: Tarihin Yaran Da Ciwon Barci Ya Bari

Maƙalar wannan makon ta tarihi ce, kuma daga gida zan fara.

Mu da muka tashi a ƙasar Shagari da Bodinga, sunayen ministocin Jamhuriya ta Biyu kamar karatun allo muka haddace su, domin ɗan garinmu ne ya naɗa su. Cikinsu akwai sunan da ya daɗe yana ɗaure mini kai ina yaro, wato Farfesa Ishaya Audu, Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Audu dai namu ne, amma Ishaya ban taɓa jin an kira wani da shi a unguwarmu ba. Na ɗauka baƙo ne ya ari sunan Hausawa. Sai da na girma na gane Bahaushe ne gaba da baya, haifaffen Anchau a ƙasar Zazzau, Kirista ɗan Kirista. Da na bi sawun yadda aka yi haka, sai sawun ya kai ni wani ƙauye da annoba ta tashe shi, da wasu yara marayu da ba wanda ya zaci za su kai labari.

LIKITAN DA AKA KORA DAGA KANO

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan na ƙungiyar CMS ta Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa birnin Kano. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci ba, ya ce su kama gabansu. Cikin waɗanda aka kora akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. Wani da an kore shi da ya tattara ya koma ƙasarsu. Shi kuwa ya zauna a Girku, yana magani yana ƙara gyara Hausarsa, har a 1905 ya samu shiga birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

Kada mai karatu ya ɗauka mulkin Turawa ya buɗe wa 'yan mishan ƙofa. Lokacin da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba, kuma razdan-razdan da suka biyo baya sun riƙe wannan alkawari sosai, domin zaman mulkinsu ya dogara da sarakuna. Saboda haka wa'azi a kasuwa ko a ƙofar fada bai samu ba. Abin da ya rage wa Miller shi ne ɗakin magani da 'yar makaranta. Waɗanda suka fi zuwa irin wannan wuri kuwa su ne waɗanda ba su da wata madafa: majinyata, 'yantattun bayi, da yaran da ba mai riƙonsu.

ISAWA DA ƘAUYEN GIMI

Tun kafin Turawa su zo, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa shi fifita matsayin Annabi Isa (AS) fiye da yadda malamai suka yarda. An kashe shi a kasuwar birni. Almajiransa suka watse zuwa wajajen Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, ana ce da su Isawa. Suka zauna shekara da shekaru a raɓe, ba su tare da sarakuna, ba su tare da malaman gari.

A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sami Miller a Zariya, suna neman ƙarin bayani a kan Annabi Isa. Daga wannan haɗuwa wani sashe nasu ya karɓi Kiristanci, aka samar musu wurin zama a Gimi. Mutum fiye da ɗari suka tare can, suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta. Wanda aka ɗora wa kula da su baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson.

Murna ba ta daɗe ba. Wurin da suka sauka matattarar ƙudan tsando ne, mai ɗauke da ciwon barci. Wannan ciwo yakan fara da zazzaɓi da kumburin wuya, daga baya ya hau kai, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, har rai ya yi halinsa. A wancan zamani maganinsa bai wadata ba. Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye mafi yawan mutanen Gimi, waɗanda suka rage suka bar garin.

Ku tsaya ku auna halin waɗannan mutane. An kashe malamin kakanninsu, sun yi shekaru suna gudun hijira, sun bar abin da dangi suke kai sun shiga sabon addini, sa'an nan wurin da suka ɗauka nan ne mafaka ya zama maƙabarta. Ba sai an gaya muku abin da maƙwabta za su ce ba. Duk da haka akwai waɗanda suka tsaya a kan abin da suka yi imani da shi, kuma yaran da suka tsira aka kai su makarantar mishan a Zariya, aka ci da su, aka tufatar da su, aka koya musu karatu da sana'a.

Tsandon ma bai tsaya a Gimi ba. Ciwon ya addabi ƙasar Anchau har gwamnati ta shiga aikin sare kurmin bakin rafi da sake tsugunar da jama'a daga ƙarshen shekarun 1930, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A wannan ƙasa ta Anchau aka haifi Ishaya Audu a 1927. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, yana cikin Isawan da suka karɓi Kiristanci.

ABIN DA WUSASA TA HAIFAR

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa, gindin dutse. Can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa da azara, ginin Hausa sak, wadda har yau tana tsaye. Aka kafa makaranta da asibiti, asibitin da ake kira St. Luke. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya yi shekaru a kansa tare da abokan aiki Turawa da Hausawa.

Wusasa ƙaramin wuri ne, amma dubi waɗanda suka fito daga wannan tsatso. Dakta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, wanda ya yi karatu a Jami'ar Birmingham, ya kuma zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna. Janar Yakubu Gowon, wanda iyayensa Angasawa ne masu aikin bishara, a Wusasa ya tashi kafin ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Ishaya Audu ya fara daga makarantar St. Bartholomew, ya zama likitan yara, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera.

Ga kuma wanda ya fi shafarmu mu masu alƙalami. Duk ɗalibin adabin Hausa ya san littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da suka fito a tsakiyar shekarun 1930: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Na ƙarshen nan John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East. Ashe ɗaya daga cikin duwatsun murhun da aka girka tukunyar zubenmu a kai, ɗan makarantar mishan ne ya kawo shi. Mu nawa ne muka karanta littafin don cin jarrabawa ba tare da mun tambayi wane ne marubucin ba, ko daga ina ya fito?

A zaɓen 1979 Ishaya Audu ya tsaya mataimakin Dakta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, wato abokin hamayyar Alhaji Shehu Shagari ne. Bayan zaɓe NPN da NPP suka ƙulla yarjejeniya, Shagari ya ba shi ma'aikatar harkokin waje. Jikan mutanen da suka gudu daga Kano, shi ne ya riƙa magana da yawun Nijeriya a gaban duniya, a gwamnatin ɗan ƙasar Sakkwato. Da sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983, shi ma ya ɗanɗana tsarewa. Da ya fito ya koma Samaru yana duba marasa lafiya, har ya rasu a 2005.

AMANAWA, A BAKIN ƘOFARMU

Irin wannan tarihi bai tsaya a Zazzau ba. Wanda ya san ƙasar Sakkwato ya san Amanawa da ke Ƙaramar Hukumar Dange-Shuni. Matasan yanzu sun fi saninta da cibiyar killace masu korona a 2020. Tsofaffinmu kuwa da asibitin kutare suka san ta.

A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka miƙa wa ƙungiyar SIM kula da manyan sansanonin masu kuturta guda uku: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Dalili a fili yake. Aiki ne da kowa ke gudu, 'yan mishan kuma suna neman hanyar shiga ƙasar sarakuna. Maganin lokacin allurar wani mai ne mai zafi, wanda ba kasafai yake warkarwa ba, sai da ƙwayar dafson ta zo wajen shekarun 1950 aka fara sallamar mutane da yawa.

Cikin majinyatan akwai yara da samari masu yawa, wasu danginsu sun kawo su sun juya ba waiwaye. A sansanin aka buɗe musu aji, aka koya musu boko da noma da ɗinki, wasu aka horar da su aikin allura da wankin miki. Yaron da ake hana shi sa hannu cikin akushi ɗaya da 'yan'uwansa, sai ga shi ya koma ƙauye a matsayin malamin asibiti, ana layi a gabansa.

Amma tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi ɗaya gefen. Jariran da aka haifa a sansani akan raba su da iyayensu don gudun kamuwa, a rene su a hannun mishan, kuma da yawa sun tashi cikin addinin da ba na iyayensu ba. Sarakuna sun yi ƙorafi a kan wa'azi ga yaran Musulmi, har gwamnati ta sa ƙa'idar hana koya wa wanda bai kai shekara 18 ba addini. Uwar da aka karɓe wa jariri tana da nata labarin, wanda rahoton mishan bai rubuta ba. Wanda ya tuba ya koma gida kuma sau da yawa yakan tarar an rufe masa ƙofa, ga tabon ciwo ga tabon barin addini. Mai son zurfafawa ya nemi littafin da masaniyar tarihi Shobana Shankar ta wallafa a 2014 kan asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya, ta yi bayanin waɗannan sansanoni dalla-dalla.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Idan aka haɗa Gimi da Wusasa da Amanawa, abu ɗaya ke fitowa. Kiristanci a ƙasar Hausa bai shigo ta fada ba. Ya kama ƙasa ne a wurin yaran da jama'a ta saki, maraya da majinyaci da ɗan gudun hijira. Waɗanda suka riƙe su sun yi haka ne saboda imaninsu, suna kuma fatan yaran su bi wannan imani, ba su ɓoye ba. Mutum yana iya ƙin aƙidarsu, amma ba ya iya musun cewa sun ɗauki yaron da aka yar, sun yi shekara goma ko ashirin suna ɗawainiya da shi har ya zama mutum. Mun iya cewa ɗa na kowa ne. Su aiki suka yi da maganar.

Yau ma yaran suna nan. Je tashar mota a Sakkwato da dare ka ƙirga masu kwana a kan benci. Dubi waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a gabashin jiha, suna yawo da roba a hannu. Wani zai riƙe su ko ba jima ko ba daɗe, ko mai gina su ko mai ba su ƙwaya da bindiga. Masallaci da majami'a da gwamnati duk suna da amsar da za su bayar a kan wannan.

Namu rabon mu marubuta shi ne mu daina rubuta ƙasar Hausa kamar gida mai ɗaki ɗaya. Littattafanmu sun cika da attajirai da 'yan matan jami'a, amma da wuya ka ga Bahaushe mai suna Bulus ko Rifkatu, sai dai a sa shi don a musuluntar da shi a babi na ƙarshe. Ga labarai nan zube ba mai ɗauka: yarinyar da ta ga an binne iyayenta a Gimi, saurayin da ya warke a Amanawa ya tsaya a ƙofar gidansu yana sallama ba a amsa ba, uwar da ke leƙen ɗanta ta taga. Wanda zai rubuta su sai ya je da ƙafarsa, ya zauna da tsofaffi na ɓangarorin biyu, ya saurara da ladabi, ya kuma rubuta kowa yadda shi mai abin zai karanta ya ce lalle ni ne wannan. Tsofaffin da suka ga zamanin Amanawa ta farko saura kaɗan, don haka mai niyya ya hanzarta.

Allah Ya ƙara mana basira. Sai mun haɗu a maƙalar mako mai zuwa.