Yadda ake ɗaura sandar kardan a ƙaramar tarakta

A bayan kusan kowace tarakta, tsakanin hannuwan da ke ɗaga garma, akwai wani guntun ƙarfe mai haƙora wanda ke juyawa da ƙarfin inji. Masu Faransanci na kiransa prise de force, masu Turanci kuma PTO. Ta nan ne tarakta ke ba da ƙarfi ga garma mai juyawa, injin sussuka, famfon ban-ruwa da injin yankan ciyawa. Abin da ke haɗa guntun da waɗannan na'urori shi ne sandar kardan. Da yake ƙananan taraktoci na aiki a gonakin shinkafa daga Gaya zuwa Yagwa da Bongor, kuma sau da yawa direban haya ne da yaransa ke haɗa kayan, yana da kyau a san ƙa'idar aikin.

Gudu da haƙora

Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai wannan gunta a 1918. Daga baya aka daidaita girma da gudu domin kayan wani kamfani su shiga taraktar wani. A ƙananan taraktoci, abin da aka fi samu shi ne gunta mai haƙora 6, kaurin milimita 35, mai juyi 540 a minti ɗaya. Manyan taraktoci kan zo da mai juyi 1,000, mai haƙora 21 ko 20. Wasu ƙananan taraktocin Japan da ake shigowa da su na hannu suna da gudu fiye da ɗaya, don haka a duba inda liba take. Na'urar da aka ƙera don juyi 540, idan aka ba ta 1,000, tana iya tarwatsewa.

Sandar kanta bututu biyu ne, ɗaya na shiga cikin ɗaya domin ta tsawaita ko ta gajarta. Kowane kai yana da gwiwa mai lanƙwasawa, kuma rigar roba ta rufe ta gaba ɗaya.

Matakan ɗaurawa

1. A ajiye tarakta a wuri mai daidai, a cire giya, a ja birkin hannu, a kashe libar kardan, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu.

2. A fara ɗaura na'urar a hannuwa uku na tarakta, a sa filfilansu, sannan a sauke ta ƙasa.

3. A cire murfin gunta, a goge laka da tsatsa daga haƙoran, a shafa ɗan giris.

4. A haɗa kan da ke ɓangaren na'ura tukuna. Yawanci akwai hoton tarakta a jikin rigar roba da ke nuna kan da zai je wurin tarakta. Kan da ke da kulocin kariya ko notin tsinkewa, wurin na'ura yake zuwa.

5. A ɗaga ɗaya kan, a juya shi da hannu har haƙora su dace. A danna fil ɗin kulle, ko a ja zoben baya, a tura kan ciki, a saki, a ci gaba da turawa har a ji ya ce ƙas.

6. A ja sandar baya da ƙarfi. Idan ta zame, ba ta kulle ba. Kan da bai kulle ba yana iya fita ana cikin aiki, ya riƙa dukan duk abin da ke kusa.

7. A maƙala sarƙoƙin rigar roba a jikin tarakta da na'ura, domin rigar ta tsaya cik yayin da ƙarfen ke juyawa a ciki.

Idan kan ya ƙi shiga, kada a bi shi da guduma. Galibi datti ne, ko wani haƙori ya lotse, kuma magagari zai gyara shi.

Tsawon sanda

Nan ne aka fi yin asara. Sabuwar sanda kan zo da tsawo, kuma tazarar da ke tsakanin tarakta da na'ura tana sauyawa duk lokacin da aka ɗaga ko aka sauke. Sanda mai tsawo da yawa za ta toge, ta danna guntar ciki har ta fasa akwatin giya. Mai gajarta kuma za ta rabu biyu ana cikin tafiya.

Tazarar ta fi ƙanƙanta ne lokacin da guntar tarakta da ta na'ura suke layi ɗaya. A wannan matsayi ake awo: a raba sandar biyu, a ɗaura kowane rabi a wurinsa, a jera su gefe da gefe. Ya kamata a sami rarar aƙalla santimita biyu da rabi kafin bututun ya kai ƙarshe. Idan za a rage, a yanke tsawo iri ɗaya daga bututu biyun da rigunan roba biyun, a goge bakin, a shafa giris. A inda sandar ta fi miƙewa kuwa, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na bututun ya kasance cikin ɗan'uwansa.

Lokacin aiki

A kunna kardan inji yana ƙasa-ƙasa, sannan a ƙara wuta a hankali. Gwiwar sanda ba ta son lanƙwasa mai yawa, saboda haka a kashe kardan kafin a ɗaga na'ura sama ko a sha kwana mai tsanani. A sa wa gwiwoyin giris bayan kimanin awa 8 na aiki. Idan notin tsinkewa ya karye, aikinsa ya yi. A maye shi da irinsa, domin mai ƙarfi fiye da shi zai bar nauyin ya faɗa kan giya.

Haɗarin da ke ciki

Juyi 540 a minti yana nufin juyi 9 a daƙiƙa guda. Kafin mutum ya ankara, sandar ta naɗe mita guda na tufa ko fiye, ta ja hannu ko wuya tare da ita. Babbar riga, jelar rawani, mayafi da bakin zane duk suna cikin abin da take kamawa, musamman a wurin sussuka inda mata da yara ke kai-kawo kusa da inji. Mai aiki ya sa tufafi masu kama jiki. Kada kowa ya tsallake sandar tana juyawa, a zagaya ta gaban tarakta. Rigar roba da ta fashe a sauya ta kafin a fita gona, kuma in wani abu ya toshe, a kashe inji a jira komai ya tsaya kafin a sa hannu.