Hular sanyi da aka aika fagen yaƙi

Ran 14 ga watan Nuwamba na shekarar 1854 wata gagarumar guguwa ta taso a Bahar Aswad, ta farfasa jiragen ruwa masu yawa na Ingila da Faransa da ke tsaye a gaɓar Kirimiya. Cikinsu har da wani sabon jirgi mai suna Prince, wanda ya nutse a bakin mashigar Balaklaba ɗauke da mafi yawan tufafin sanyi da aka tanadar wa sojojin Ingila. A lokacin sojojin sun yi wa birnin Sebastopol na Rasha zobe, suna kwana cikin ramummuka da yagaggun tantuna, ga shi ɗari ya kawo jiki. Daga wannan rana har zuwa ƙarshen sanyi, kwalara da atuni da sandarewar gaɓoɓi suka kashe musu mutane fiye da yadda harsashin Rasha ya kashe.

Labarin ya isa Landan ta alƙalamin William Howard Russell, wakilin jaridar Times, wanda bai ɓoye komai ba game da sakacin shugabannin soja. Jama'a suka harzuƙa. Aka buɗe asusun taimako, mata kuma a birane da ƙauyuka suka ɗauki zaren ulu suka shiga saƙa safa da mayafan wuya da huluna, suna aikawa ga mazan da galibi ba su taɓa gani ba. Ɗaya daga cikin hulunan nan tana rufe kai da kunnuwa da wuya, fuska kaɗai take bari a waje. Ita ce daga baya ta ɗauki sunan Balaklaba, ko da yake Richard Rutt, limamin cocin Ingila da ya rubuta tarihin saƙar hannu a 1987, ya lura cewa sunan bai bayyana a rubuce ba sai wajen 1881, an daɗe da gama yaƙin. Faransawa kuwa passe-montagne suke ce mata.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika ba yara ba. Kaya da yawa da suka iso Balaklaba can suka jibge a tashar jirgi, domin hanyar da ta hau zuwa sansanin soja, wadda ba ta fi kilomita goma sha ɗaya ko sha biyu ba, ta zama taɓo tsantsa, dawakin sufuri kuma sun mutu da yunwa. Sai a watannin Fabrairu da Maris na 1855, da aka shimfiɗa ɗan layin dogo, kaya suka fara hawa yadda ya kamata. Kafin nan gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi a ƙarshen Janairu, bayan majalisa ta amince a binciki yadda aka tafiyar da yaƙin. Ke nan hular da mace ta saƙa a gidanta ta zo ne ta toshe ɓarakar da hukuma ta bari, kuma wannan ɗabi'a za ta bi ta shekara da shekaru.

Mai karatu na iya tambaya: me ya sa aka koma ga hannu, alhali Ingila ita ce uwar injuna a wancan zamani? Lalle injin saƙa tsoho ne. Wani mai suna William Lee, mutumin Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera shi tun 1589. Tun kafin shi ma saƙar hula sana'a ce mai ƙarfi, har dokar 1571 ta tilasta wa talakawan Ingila da suka haura shekara shida su sa hular ulu ta gida ran Lahadi da ranakun biki, don kare abincin masu saƙa. An soke dokar a 1597. Amma inji sai da oda da kwangila da kuɗin baitulmali yake motsi, ita kuwa mai saƙa labari kawai take ji ta fara. Kuma ba ta neman a biya ta. Wannan na biyun shi ne abin da hukumomi suka gane da wuri, suka riƙe shi gam.

A nan ya kamata a rarrabe saƙa iri biyu da bakinmu ke haɗawa a kalma ɗaya. Akwai saƙar kibiya, wadda ake yi da tsinke biyu ko fiye, ɗaruruwan madaukai suna rataye a kansu lokaci guda. Ita ce tricot a Faransanci. Akwai kuma saƙar kwarashi, ta tsinke ɗaya mai ƙugiya a baki, inda madauki ɗaya tak ke kan tsinken, sai an ƙulle shi ake wucewa ga na gaba. Sunan ya fito daga crochet, wato ƴar ƙugiya. Mai yin hula da kwarashi daga tsakar kai take farawa da ɗan zobe, ta riƙa ƙara madaukai a kowane zagaye har faifan ya kai faɗin kan wanda za a ba, sannan ta daina ƙari, sai saƙar ta lanƙwaso da kanta ta gangaro bisa kunnuwa. Saboda haka dole ta san girman kan, ko ta ƙiyasta shi. Hulunan Kirimiya yawancinsu na kibiya ne, domin saƙar kibiya ta fi miƙewa kuma ba ta cin zare kamar ta kwarashi.

Kwarashi ƙaramar yarinya ce in an gwada ta da yayarta. Umarnin farko da aka sani an buga a kanta ya fito cikin wata mujallar mata ta Holan mai suna Penélopé a 1823, kuma na ƴan jakunkunan kuɗi ne. A 1846 Eleonore Riego de la Branchardière ta fara fitar da littattafanta a Landan. Yunwa ce ta mai da abin sana'a. Daga 1845 wata cuta ta lalata dankalin Ailan, kimanin mutum miliyon ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura. Matan zuhudu a yankin Cork, da Cassandra Hand, matar limamin garin Clones, suka koya wa ƴan mata saƙar leshi da ƙugiya da siririn zare, ana sayarwa ga masu hali a Ingila da ƙetare. Ƙugiya ba ta da tsada, ana iya yin aikin a ɗaki marar haske sosai, da yaro a cinya. Gidaje da dama da kuɗin leshin nan suka ci tuwo, wasu da shi suka biya jirgin Amurka.

Daga hannun mayunwata sai ga ƙugiya a fada. A 1900, lokacin yaƙin da Ingila ta yi da Buwa a Afirka ta Kudu, Sarauniya Biktoriya, tana da shekara tamanin da ɗoriya kuma ganinta ya yi rauni, ta saƙa mayafan wuya takwas da kwarashi, aka raba wa ƙananan sojoji da suka nuna jarumta: huɗu ga ƴan Ingila, huɗu ga ƴan Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wanda aka ba Richard Rowland Thompson yana ajiye a gidan tarihin yaƙi na Kanada a Ottawa. Mayafi takwas ba su ɗumama runduna. Amfaninsu shi ne nuna wa kowace mace a daular cewa in sarauniya ta zauna ta saƙa, ita ba ta da uzuri.

Yaƙin duniya na farko ya mai da kyautar nan aikin hukuma sosai da sosai. A Satumba 1914 Sarauniya Mary, bisa roƙon Lord Kitchener, ta nemi matan daular su kawo safa ƙafa dubu 300. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta can ta rarraba zare da takardun awo, ta kafa masu duba aiki waɗanda ke mayar da safa in an sami ƙulli da zai ji wa soja ciwo a tafiya. A Faransa makarantun ƴan mata suka zama masaƙa: malama ta raba ulu, ɗalibai su yi passe-montagne da safar hannu, a ɗaure a aika. Daga 1915 aka ƙirƙiro abin da suka kira marraine de guerre, wato mace ta ɗauki sojan da ba shi da dangi kusa kamar ɗanta ko ƙanenta, tana rubuta masa wasiƙa tana aika masa ƙunshi. Wasu masu saƙa sukan cusa ƴar takarda da sunansu cikin safa ko hula, kuma amsoshin da sojoji suka rubuto suna nan a gidajen adana tarihi. Ni a ganina wannan ƴar takarda ce ta hana abin zama haraji zalla. Amma mu malamai bai kamata mu manta ba cewa awoyin karatu ne na ƴan mata aka juya zuwa aikin da ma'aikatar yaƙi ya kamata ta biya.

A wannan gaɓa ce labarin ya taɓo mu. Faransa ta kwashi mutanen Afirka ta Yamma fiye da dubu 150 zuwa yaƙin, cikinsu har da ƴan ƙasar da a lokacin ake mulka daga Damagaram, duk aka yi musu kuɗin goro da sunan ƴan Sanagal. Janar Mangin, a littafinsa La Force noire na 1910, ya yi ta yabon juriyarsu, sai dai juriya ba ta hana yatsa daskarewa. Hular da aka san su da ita, jar dara, ita ma asalinta saƙa ce: a Tunis mata ke saƙa ta da ulu, a buge ta cikin ruwa har ta cure, a rina, kuma irinta ce fataken hamada suka daɗe suna kawowa Damagaram da Kano. Hula ce ta ado da martaba, ba ta rufe kunne. Bayan abin da aka gani a sanyin 1914, shugabannin soja suka riƙa janye rundunonin Afirka zuwa kudu duk lokacin ɗari, musamman sansanonin Fréjus da Saint-Raphaël. A sansanin Courneau, kusa da Bordo, inda damshi ya yi yawa, sama da 900 suka mutu tsakanin 1916 da 1917, galibi da ciwon huhu. Ran 16 ga Afrilu 1917 kuma aka tura su gaba a Chemin des Dames cikin ruwa da ƙanƙara, hannuwa sun sandare har wasu ba su iya sarrafa bindiga, dubbai suka faɗi. Blaise Diagne, ɗan majalisa daga Sanagal, ya tsaya gaban majalisar Faransa a zaman sirri ya tuhumi Mangin da wannan asara. Sojan Faransa yana da uwa ko ƙanwa da ta san awon kansa, kuma gidan waya na kai masa ƙunshinta cikin kwanaki. Uwar ɗan Tasawa ko ɗan Madawa tana bayan teku da hamada, auduga take kaɗi, ba ta ma san irin sanyin da ɗanta ke ciki ba. Abin da ya samu sai wanda ya fito daga sito, ko daga hannun baƙuwar da ta tausaya.

An sake irin wannan gangami a yaƙin duniya na biyu. Bayansa rundunoni suka koma ga masana'antu, ulu kuma ya sami kishiya: zaren roba na akirilik, wanda kamfanin DuPont ya fara sayarwa da sunan Orlon wajen 1950. Ya fi araha, yana jure wanki, launinsa ba ya zuba, ko da yake bai kai ulu riƙe ɗumi ba in ya jiƙe. Shi ne zaren da ke rataye yau a kasuwannin Maraɗi da Tawa, wanda har yanzu muke kira ulu.

Hular kyauta ta bar kan soja ta koma kan jariri. A 2006 ƙungiyar Save the Children ta roƙi masu saƙa a Amurka su yi hulunan jarirai, aka tara dubbai aka aika Malawi da Bangaladash, tare da wasiƙu ga gwamnatin Amurka kan kuɗin kula da lafiyar yara. Dalilin likitanci a fili yake: kan jariri babba ne in an gwada da jikinsa, zafi na fita ta nan da sauri, bakwaini kuma na iya mutuwa da sanyi ko a ƙasa mai zafi. Masu suka sun ce kuɗin jigilar hula daga wata nahiya zai fi amfani in an sayi zare an ba matan wurin, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin a nan ƙasar ba mu rasa masu iyawa ba. Duk wanda ya je barka ko suna cikin hunturu ya ga ƴar hula da safa cikin kayan da ƙawaye da gwaggonni ke kawowa, sana'ar da ta yaɗu ta makarantun ƴan mata da gidajen koya wa mata aikin hannu.

Injin William Lee da jikokinsa sun ƙwace saƙar kibiya tuni, har ba kowa ke iya bambanta ta inji da ta hannu ba. Kwarashi kuwa har yau babu injin masana'anta da ke yin ta yadda hannu ke yi, saboda ƙugiyar takan koma ta shiga madaukin da aka riga aka ƙulle, ta gaba ko ta baya ko ta ƙarƙashi, gwargwadon abin da ido ya gani. Akwai injuna masu kwaikwayon kamanninta, amma ƙullin daban ne. Don haka duk hular kwarashi ta gaskiya da aka gani, ko cikin kayan barka ko cikin dilar gwanjo da ta sauka daga Kwatano, wani mutum ne ya zauna ya ja madaukanta ɗaya bayan ɗaya, tun daga zoben tsakar kai har zuwa bakin kunne.