Dorugu, Yaron da Ya Ga Tambutu da Birnin London

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A cikin matafiyan ƙasar Hausa na zamanin da, akwai fatake da alhazai da almajirai waɗanda suka sha yawon duniya, amma galibinsu labarinsu ya bi su kushewa, domin ba wanda ya rubuta shi. Wanda za mu ba da tarihinsa a nan wani yaro ne, ba ɗan sarauta ba, ba kuwa ɗan malamai ba, amma ga shi yau fiye da shekara ɗari da rasuwarsa ana karanta maganarsa. Sunansa Dorugu.

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye wai shi Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, watau cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. A wannan zamani talaka ba shi da kwanciyar rai, gama hari ba ya ƙarewa, mutum ya kan kwana ɗa ya tashi bawa. Haka ta faru ga Dorugu. Tun bai wuce shekara goma sha biyu ba mayaƙa suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Zinder, daga can aka gangara da shi Kukawa, babban birnin Barno a zamanin Shehu Umar.

A lokacin nan kuwa akwai waɗansu Turawa biyu, mutanen Jamus, waɗanda Gwamnatin Ingila ta aiko su ga ƙasashen Sudan. Ɗaya sunansa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ɗayan kuwa Overweg, wanda a ke kira Tabib. Shi Overweg ɗin nan shi ne ya shiga Tabkin Chadi da wani jirgin ruwa wanda suka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga Tarabulus. Dorugu ya shiga hannunsa yana yi masa kiwon raƙuma, shi kuwa ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Ba a daɗe ba, cikin watan Satumba 1852, ajali ya cim ma Overweg a bakin Chadi. Sai yaran nan biyu suka koma hannun Barth.

A watan Nuwamba 1852 Barth ya ɗaura niyyar zuwa Tambutu, ya tashi daga Kukawa da yaransa. Suka bi ta Zinder, suka faɗo Katsina, suka wuce Wurno inda suka gai da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sa'an nan Sakkwato, sa'an nan Gwandu wurin Sarki Halilu. A Gwandu ne Barth ya sami littafin nan Tarihus Sudan, wanda ke ba da labarin sarakunan Songhai, ya zauna ya kwafi abin da ya samu dama. Suka haye Kwara a Sayi, suka yi ta ratsa daji cikin damina, ga ruwa ga taɓo ga tsoron 'yan fashi, har suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba 1853.

Zaman Tambutu bai yi daɗi ba. Akwai masu neman ran Barth saboda shi Nasara ne, ba don Shehu Ahmadul Bakkai na Kunta ya tsaya masa tsayin daka ba, da abin ya ɓaci. Sai cikin watan Mayu 1854 suka sami fita. Suka biyo gaɓar Kwara ta Gao, suka komo Sakkwato, suka shiga Kano, suka isa Kukawa a ƙarshen shekara. Ku duba fa, yaro wanda bai fi shekara goma sha huɗu ba ya riga ya ratsa ƙasar Hausa gabas da yamma sau biyu, a ƙasa da kan raƙumi, a zamanin da babu mota babu hanyar mota.

Amma babbar tafiya tana gaba. Cikin watan Mayu 1855 Barth ya kama hanyar gida, ya tafi da yaran. Suka shiga hamada, suka bi ta Bilma garin gishiri, suka wuce Murzuk ta ƙasar Fezzan, suka isa Tarabulus a watan Agusta. Nan ne Dorugu ya fara ganin teku, ruwan da ba a hangen ƙarshensa, ba kuwa ya shayuwa don gishiri. Suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta, daga nan sai Marseille ta ƙasar Faransa, suka hau jirgin ƙasa suka wuce ta Paris, suka sauka London ranar 6 ga Satumba 1855. Bayan 'yan kwanaki Barth ya kai su Hamburg, garinsu, suka ga danginsa, sa'an nan aka komo da su Ingila.

A Ingila akwai wani limamin Kirista mai suna Schön, shi ma asalinsa mutumin Jamus ne. Ya taɓa zuwa Kwara a shekarar 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tun daga nan kuwa ya ɗora wa kansa koyon Hausa. Da ya ji ga Bahaushe ya zo, sai ya nemi a bar masa yaran a gidansa a Chatham. Barth bai ji daɗin wannan ba, domin nufinsa a mai da su gida, amma dai haka aka yi. Abbega ya komo Afirka a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

A cikin zaman nan ne aka yi aikin da ya sa mu ke tunawa da shi. Dorugu yana faɗi, Schön yana rubutawa: labarin ƙuruciyarsa, da kamunsa, da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi masu yawa. Da taimakonsa Schön ya buga littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sa'an nan a 1885 ya buga littafin da a ke kira Magana Hausa, wanda labarin Dorugu ke ciki. Wanda ya duba littafin nan yau zai ga rubutun ya bambanta da namu, gama a sa'an nan ba a ƙago haruffan nan masu lanƙwasa ba, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo. Zai kuma ji Hausar Damagaram ce, ba ta Kano ba.

Abin da ya sa labarin ya yi armashi shi ne, Turawa da yawa sun zo ƙasarmu sun rubuta yadda suka gan mu, har Barth kansa ya cika manyan littattafai biyar. Amma a nan sai reshe ya juya da mujiya, ɗan ƙasarmu ne ya je ƙasarsu ya faɗi yadda ya gan su. Ya ba da labarin sanyinsu, da tufafin matansu, da yadda su ke zama cin abinci bisa tebur, maza da mata tare, ana kawo wannan ana ɗauke wancan. Bai raina su ba, bai kuma ruɗe ya raina gida ba. Abin da idonsa ya gani shi ya faɗa, gani kuwa ya kori ji. Haka nan ya faɗi zafin bauta daga bakin wanda ya ɗanɗana ta, abin da ba safai a ke samu a rubuce ba.

Da ya komo, Dorugu ya yi aikin tafinta ga Turawa shekara da shekaru. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna Kano, ya koyar da karatun boko a makarantar da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa cikin 1909. A Kano ya rasu a shekarar 1912. A 1971 waɗansu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarinsa da Turanci suka buga, don mutanen duniya su karanta.

To, jama'a masu karatu, ga abin lura. Mayaƙan da suka kama Dorugu, da dillalan da suka yi cinikinsa, duk sun shuɗe, ba mai tunawa da galibinsu. Yaron da suka ɗaure kuwa muryarsa tana nan, don an sa ta a takarda. A kowane gari akwai tsoho wanda ya je Gwanja fataucin goro, ko ya je Makka a ƙasa ta hanyar Sudan, ko ya ji labarin haka daga bakin ubansa. Wanda Allah ya ba shi sanin karatu da rubutu, ya kamata ya ɗauki alƙalami ya je ya zauna gaban irin waɗannan dattawa tun suna da rai, ya rubuta abin da suka faɗa, ya ajiye wa na baya.