Daga Katunga zuwa Agodi: Tarihin Gandun Namun Daji a Jihar Oyo

Jama'ar Sabo, tun 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan unguwa a Ibadan, amma da yawanmu ba mu san tarihin wuraren da hukuma ta killace saboda namun daji da shaƙatawar jama'a ba, alhali wasu a bakin ƙofarmu suke.

Mu fara da mafi girma, wato gandun Old Oyo da ke arewacin jihar. A cikinsa ne kangon Oyo-Ile yake, tsohon birnin Alafin, wanda fataken Hausa ke kira Katunga. Baturen nan Kilafatan ya sauka a birnin a 1826. Bayan 'yan shekaru yaƙe-yaƙen Ilori suka tashe shi, daji ya rufe ganuwarsa. A zamanin Turawa aka killace dazuzzukan wurin kashi biyu, Upper Ogun da Oyo-Ile, sannan a 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su suka zama gandun ƙasa mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,500. Akwai ɓauna da gwanki da gada da birai iri-iri.

Na biyu, gidan zu na Jami'ar Ibadan. An fara tara dabbobinsa a 1948 domin koyar da ɗalibai, daga baya aka buɗe wa kowa da kowa.

Na uku shi ne lambun Agodi, can gindin dutsen Mokola, wanda ko da ƙafa mutum ya je daga Sabo. An kafa shi a 1967. Dattawanmu ba za su manta da ambaliyar Ogunpa ta ranar 31 ga Agusta 1980 ba, wadda ta ci rayuka da dukiya. Ruwan nan ya yi wa lambun kaca-kaca, ya tafi da dabbobi da dama. Haka wurin ya daɗe a yashe, sai a zamanin Gwamna Abiola Ajimobi aka gyara shi, aka sake buɗewa a 2014.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu mana. Killace daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ya tabbata Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u a matsayin hima, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Sannan mu 'yan kasuwa ne. Mai farauta ba ya shiga gandu sai ya san akwai mai saye, haka mai sare itace ya ƙona gawayi. Duk wanda ya karɓi fata ko ƙaho bai tambayi inda suka fito ba, da hannunsa a ciki. Idan kuma aka kama ɗan'uwanmu ɗaya, sunan unguwa duka ake kira.

Kakanninmu sun ga Katunga da idonsu, yau sai kango. Kada mu bari jikokinmu su san ɓauna a hoton waya kawai. In Allah ya kai mu hutun Sallah, malaman Islamiyya da iyaye a haɗa kuɗin mota da na tikiti, a kai yara Agodi ko jami'a su ga halittun Ubangiji. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.