Kamu Ɗaya na Ƙarshen Zare: Tarihin Ƙugiya, Waya da Majuyi

Mai kamun fatsa yakan kashe kuɗinsa a sanda da na'urar naɗe zare, amma in kifi ya kuɓuce masa, galibi ɓarnar a kamu ɗaya na ƙarshen zaren take aukuwa: ko ƙugiya ta miƙe, ko zobe ya buɗe, ko haƙori ya datse zare. Abin ya fi tsanani ga mai farautar kifaye masu cin ƴan uwansu, irin su giwan ruwa da tsage, musamman in da koton yaudara yake kamun, wato ɗan kifin katako, na roba ko na ƙarfe da ake jefawa a jawo shi kamar mai rai. Mai karatu, in ka bi tarihin ƴan tarkacen da ke wannan kamu ɗaya, za ka tarar kowanne amsa ce ga wata hanya da kifi ya taɓa bi ya tsere. Wanda ya san matsalar da ta haifi kowane yanki ba zai sha wahalar zaɓe a kasuwa ba.

Ƙugiya ce babbar yaya. A wani kogo da ke tsibirin Okinawa na Japan an tono ƙugiyoyin da aka sassaƙa da ƙwaryar dodon koɗi na teku, masu kimanin shekara 23,000. Daga baya mutane suka yi ta ƙashi, ta tagulla, sannan ta baƙin ƙarfe. Matsalar ƙarfe ita ce, in ya yi laushi ya miƙe, in ya yi tauri da yawa ya karye. A tsakiyar ƙarni na 17 wani maƙeri a Landan, Charles Kirby, ya yi suna wajen gasa ƙarfe daidai wa daida, ya kuma karkatar da tsinin ƙugiya gefe kaɗan don ya fi saurin kama naman baki. Har yau akwai samfurin ƙugiya mai sunansa. Sana'ar ta koma garin Redditch na Ingila, inda masu yin allura suka rungume ta, tun da allura da ƙugiya daga waya ɗaya ake yanko su. A 1877 kuma wani mai suna Mathias Topp, a kamfanin Mustad da ke Gjøvik ta ƙasar Norwe, ya ƙera injin da waya ke shiga ta gefe ɗaya, ƙugiya ta fito ta ɗaya gefen. Inji irin wannan ne ya karya farashi, har masunci ya iya sayen ƙugiya ɗari-ɗari a kwali.

Sai abin da ke tsakanin ƙugiya da zare, wanda za mu kira wuyan zare. Turawan da suna murɗa gashin wutsiyar doki su yi zare. Daga ƙarni na 18 suka koma ga wata jijiya da ake zarowa daga cikin tsutsar siliki bayan an jiƙa ta a ruwan tsami, kuma yankin Mursiya na Sifaniya ne ya shahara da ita. Ba ta cika ganuwa a ruwa ba, sai dai gajeruwa ce, kuma dole a jiƙa ta kafin a ƙulla, in ba haka ba ta tsage. Ba ta kuma tsinana komai a bakin faik, wani dogon kifin Turai mai haƙora kamar reza. Saboda shi ne masu fatsa na Ingila suka riƙa nannaɗe zaren siliki da siririyar wayar tagulla, daga baya aka samu wayar ƙarfe zalla. Wato tun ƙarni biyu da suka wuce an gane cewa wuyan zare iri biyu ne: wanda kifi ba ya gani, da wanda kifi ba ya iya yankewa.

Koton yaudara na zamani ya zo da tasa matsalar. Ana ba da labarin wani Ba'amurke, Julio Buel, wanda cokali ya suɓuce masa a tafki, ya ga babban kifi ya kai wa cokalin cafka yana nutsewa yana walƙiya. Ko yaya labarin yake, a 1852 ya samu takardar mallakar fasahar koton ƙarfe. A 1938 wani injiniya Bafaranshe, André Meulnart, ya fito da Mepps, mai ɗan faifan ƙarfe da ke wulwulawa kamar farfela. Duk abin da ke juyawa a ruwa kuwa yana murɗe zare, har ya cukurkuɗe ya yi rauni. Maganin shi ne majuyi, ɗan ƙarfe mai ido biyu da kowanne ke juyawa ba tare da ɗan uwansa ba. Majuyi ya girmi waɗannan kotuna, amma su ne suka mai da shi abin da ba a fita ba shi.

Akwai kuma koton da nauyin ƙarfe ke kashe wa rawa. A 1936 wani matalaucin masunci a tafkin Päijänne na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya lura cewa babban kifi in ya afka wa garken ƙanana, mai rauni da ke tafiya yana tangaɗi yake ɗauka. Sai ya ɗauki wuƙar dukanci ya sassaƙa ɗan kifi da toshiyar kwalba, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani ta cakulan, ya narka tsohon fim na hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. A watan Agusta na 1962 mujallar Life ta Amurka ta yi rubutu a kan wannan koto, a fitowar da ke ɗauke da hoton Marilyn Monroe bayan rasuwarta, sai oda ta yi wa ƴan gidan Rapala yawa. Sirrin koton tangaɗinsa ne, kuma in an ɗaura masa katon majuyi ko maƙalli mai nauyi a hanci, tangaɗin ya tafi. Shi ya sa ake ɗaure irinsa da ƙulli mai sako-sako, ko da ƙaramin zobe.

Zaren kansa ya sake fasali sau uku a ƙarni na 20. Kamfanin DuPont ya ƙirƙiro lilo a 1935, ya fara sayar da zaren fatsa na lilo a 1939. A 1971 kamfanin Kureha na Japan ya kawo zaren fulorokabon, mai jure gogar dutse, mai wuyar gani a ruwa. Wajen farkon shekarun 1990 kuma zaren saƙa na zamani ya bazu, siriri ne mai ƙarfi ƙwarai, amma kusan ba ya talewa. Lilo yakan tale ya shanye fizgar kifi. Zaren saƙa yana kai fizgar kai tsaye ga zobe da ƙugiya, saboda haka wanda ya koma gare shi bai ƙara kaurin ƙananan ƙarafunansa ba, asara ya sayo da kuɗinsa.

Dalma ma tana da nata babin. Ƴan ƙwayoyin dalmar da masu fatsa ke zubarwa a bakin kogunan Ingila, manyan agwagin ruwa farare masu dogon wuya ke haɗiye su tare da tsakuwa, gubar ta kashe su. A 1987 aka hana amfani da dalma mai nauyin daga giram 0.06 zuwa 28.35 a kamun fatsa, kuma tsuntsayen suka farfaɗo. Tun daga nan ake yin nauyi da kuza da wasu ƙarafa marasa guba.

Duk wannan tarihi ya shafi ruwayenmu, domin manyan kifayen farauta biyu na Afirka suna kogin Kwara, suna Binuwai, suna tafkin Cadi, kuma baƙi na tasowa daga nesa zuwa kogin Faro na arewacin Kamaru saboda su. Tsage na da haƙora masu shiga juna, da baki mai taurin ƙashi, kuma yana tsalle sama yana girgiza kai. Ba ya son komai sai wuyan waya, da ƙugiya guda mai kaifi, don mai baki uku ba ta cika nutsewa a ƙashin ba, sai ya tofar da ita. Giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka. Bakinsa kaushi ne da shi kamar takardar goge katako, marfin kunnensa na da kaifi, ga nauyi: a shekarar 2000 an kama mai kilo 104 da fatsa a tafkin Nasser na Masar. Shi kam wuyan lilo mai kauri yake bukata, kuma masu binsa sukan cire zobe da ƙugiyar da koto ya zo da su daga kanti, su sa waɗanda suka fi ƙarfi.

To, in ka tsaya gaban mai shago, fara da tambayar kanka wane baki za ka tara. Mai haƙori, waya. Mai kaushi da nauyi, lilo ko fulorokabon mai kauri. Koto mai wulwulawa, sa masa majuyi. Mai tangaɗi, bar masa hancinsa sakayau. Zobe, maƙalli da majuyi kada ƙarfinsu ya gaza na zaren, domin mafi raunin cikinsu shi ne ƙarfin kayanka duka. Gwada tsinin ƙugiya a farce: in ta zame ba ta kama ba, wasa ta ko ka sauya ta. Bayan kowane babban kifi kuma, bi wuyan zaren da yatsa, in ka ji kaushi ko lanƙwasa a waya, yanke ka sake ɗauri kafin jifa na gaba.