Bitamin D da ƙarfin ƙashin dattijan mata

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, irin su Matsinkai da ke kusa da iyakar Najeriya da jamhuriyar Benin, hasken rana ba abin nema ba ne.

Sai dai rana ita kaɗai ba ta isa ta kare ƙashin macen da ta manyanta daga zaizayewa ba, matsalar da kan kai ga karayar ƙugu ko rankwafewar baya.

Aikin bitamin D

Sinadarin kalsiyam shi ne ginshiƙin ƙashi, kuma daga abinci jiki ke samunsa.

Fata ce ke samar da akasarin bitamin D idan rana ta taɓa ta, daga nan hanta da ƙoda su sarrafa shi, sannan ya taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam.

Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci ƙwarai, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na kalsiyam ɗin abinci ke shiga jini. Idan kuwa ya wadata, adadin kan kai kashi 30 zuwa 40.

Duk lokacin da kalsiyam ya gaza, jiki kan zaƙulo shi daga ƙashi, ƙashin kuma ya yi ta raguwa ba tare da wani ciwo ba.

Me ya sa dattijan mata?

Bayan mace ta daina jinin al'ada, sinadarin istirojin kan ragu a jikinta, lamarin da ke hanzarta zaizayar ƙashi tare da rage ƙarfin hanji wajen tsotsar kalsiyam.

Haka kuma fatar tsoho ba ta samar da bitamin D kamar ta matashi, ga shi tsufa ko rashin lafiya kan sa wasu mata su wuni a cikin ɗaki.

A shekarar 2010, wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya ba da shawarar macen da ta haura shekara 50 ta samu miligiram 1,200 na kalsiyam a kullum, da bitamin D ma'aunin IU 600, ko 800 idan ta wuce shekara 70.

Ƙwaya ba ta maye gurbin abinci

Wani bincike da jami'ar Creighton ta Amurka ta gudanar kan dattijan mata 163, wanda aka wallafa a 2012, ya gano cewa ko da an ba su bitamin D har IU 4,800 a rana, ƙarin kalsiyam ɗin da hanjinsu ya tsotsa kaɗan ne.

Wato amfanin bitamin ɗin ya fi bayyana ga waɗanda ya yi wa ƙaranci matuƙa.

A Najeriya ma, binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yara masu lanƙwasar ƙafa sun fi samun sauƙi da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai, domin abin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba.

Duk da cewa kan yara aka yi binciken, ya nuna cewa a ƙasa mai yalwar rana, giɓin kan kasance a cikin akushi ne.

Abin da ke kusa

Tuwon dawa da na gero ba su da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsu na ɗauke da wani sinadari da ke rage tsotsarsa.

Amma yankin Bagudo, wanda kogin Neja ya ratsa, yana da ƙananan kifaye da ake ci har da ƙayarsu, ga nonon shanu, ga kuka da zogale.

Kofi guda na nono kan ba da kusan miligiram 300, yayin da kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai ke ɗauke da bitamin D.

Zama a tsakar gida na ɗan lokaci, rana na taɓa hannuwa da ƙafafu, da kuma yin tafiya a ƙasa, suna taimakawa.

Likitoci na gargaɗi kan shan ƙwayoyin ba tare da shawara ba. Wani bincike kan mata fiye da 36,000 a Amurka, da aka wallafa a 2006, ya gano ƙaruwar tsakuwar ƙoda a tsakanin masu shan kalsiyam haɗe da bitamin D.

Dattijuwar da ta karye sakamakon 'yar ƙaramar faɗuwa kuwa, na bukatar a duba lafiyar ƙashinta a asibiti, ko da an riga an yi mata ɗori.