Hargitsin da Ya Zama Mai Gadi

Mu da ke binciken haɗewar ƙwayoyin zarra, aikin da ke kunna rana, babbar matsalarmu tun farko ita ce riƙe zafi. Ana zafafa iskar haidirojin har ta wuce digiri miliyan 100, ta zama filasma, wato iskar da ƙwayoyinta suka rarrabu kowace na ɗauke da cajin lantarki. Babu ƙarfen da zai jure taɓinta, shi ya sa ake tsare ta da maganaɗisu cikin na'ura mai siffar zobe. Igor Tamm da Andrei Sakharov ne suka kawo dabarar a Tarayyar Sobiyet wajen 1950, aka raɗa wa na'urar suna tokamak.

Magabatanmu sun ɗauka karon ƙwayoyi da juna ne kaɗai zai fitar da zafi, kuma a hankali. Na'urori suka ƙaryata lissafin. A 1968 sakamakon na'urar tokamak T-3 ta Mosko ya girgiza duniya, a 1969 kuma tawagar Culham ta Ingila ta je ta auna, ta tabbatar da zafin kusan digiri miliyan 10. Duk da haka zafi na zurarewa ninkin ba ninkin abin da ke kan takarda. Mai laifin shi ne hargitsi, wato ƙananan juye-juye da ke tashi cikin filasma. Wanda ya tashi a Illela ya san guguwar bazara a hanyar Konni, yadda take ɗibar ƙasa daga nan ta watsar can. Haka waɗannan juye-juye ke kwashe zafi daga tsakiya su kai bango.

A 1982 al'amari ya sauya. A na'urar ASDEX da ke Garching ta Jamus, Fritz Wagner ya ga da aka ƙara ƙarfin zafafawa, filasma ta koma wani yanayi farat ɗaya, riƙon zafinta ya kusan ninkawa. Babu wanda ya yi hasashen haka. Sai a 1990 masana Biglari da Diamond da Terry suka yi bayanin da muke koyarwa har yau: idan wani sashe na filasma yana gudu fiye da na kusa da shi, bambancin gudun yana yayyaga juye-juyen kafin su girma. Daga baya aka gano hargitsin da kansa yana haifar da irin wannan gudu. Lissafin kwamfuta ya nuna haka a 1998, Akihide Fujisawa kuma ya auna shi a na'urar CHS ta Japan a 2004.

Tun daga nan juyin filasma, wato gudunta a kewayen zoben, ya zama abin da muke kwana muna tashi da shi. A na'urar TFTR ta Princeton an nuna a 1990 cewa ƙarfin juyi yana tsiyayewa kusan daidai da saurin tsiyayar zafi, alamar cewa abu ɗaya ke ɗauke su. A ƙarshen shekarun 1990 kuma John Rice, a Alcator C-Mod ta jami'ar MIT, ya auna filasma tana juyawa da gudun gomman kilomita a daƙiƙa ba tare da an tura ta ba. Amsar da muka fi gamsuwa da ita ita ce hargitsi yana rarraba ƙarfin juyi: yana kai na wata fuska bango, ya bar na ɗaya fuskar a ciki. A 2007 Arthur Peeters da abokan aikinsa suka ƙara nuna cewa lanƙwasar zoben tana sa hargitsi ya jawo juyi zuwa tsakiya.

Wannan tambaya ta juyin filasma tana da nauyi domin na'urar ITER, da ake ginawa a Cadarache ta Faransa. Filasmarta za ta yi girman da turawa daga waje ba za ta juya ta sosai ba, don haka ana sa rai ga juyin da take yi da kanta. Har yanzu ana muhawara kan dalilin da juyin ke sauya fuska idan cunkoson filasma ya ƙaru. Babban ɓangare na wannan aiki lissafi ne da kwamfuta, kuma ina da yaƙinin ɗalibin kimiyyar fiziks daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko ta Ahmadu Bello da ya ƙware a cikinsu zai iya sa hannu a warware ta.